Hanyoyi Uku na Shiga Kimiyyar Teku da Gaɓarsa: Wacce Ta Dace da Wane Ɗalibi?

Duk wanda ya ƙuduri aniyar yin aikin da ya shafi teku da gaɓarsa yana da hanyoyi uku a gabansa, kuma kowace tana sauke mutum a wuri dabam. Ta farko ita ce ya nemi gurbi kai tsaye a sashen kimiyyar teku tun daga digirin farko. Ta biyu ita ce ya fara kafa tushe a ɗaya daga cikin fannonin asali, wato fiziks, kimiyyar sinadarai, ilimin halittu, ilimin duwatsu da ƙasa, lissafi ko injiniyanci, sannan ya karkata zuwa teku a digiri na biyu. Ta uku ita ce horon sana'a, wanda ke koyar da aiki guda takamaimai, kamar awon zurfin ruwa ko kiwon kifi, ya kuma ba da takardar shaidar da masu ɗaukar ma'aikata suka sani. Ƙasidun tallar jami'o'i ba kasafai suke fayyace wannan bambanci ba, domin hoton ɗalibi cikin kayan nutso kusa da murjani ya fi jan hankali fiye da jadawalin darussan lissafi, alhali jadawalin ne yake nuna abin da mutum zai iya yi bayan ya kammala.

Kafin a auna hanyoyin, ya kamata a san cewa abin da ake kira kimiyyar teku fannoni huɗu ne aka haɗa a inuwa ɗaya. Akwai masu nazarin motsin ruwa, wato igiyoyi, raƙuman ruwa, cikowar teku da janyewarsa, da yadda yake musayar zafi da iska. Akwai masu nazarin sinadaran da ke narke a cikinsa, tun daga gishirin da ya kai kimanin giram 35 a kowane kilo na ruwa har zuwa iskar kabon da teku ke shanyewa. Akwai masu nazarin ƙasan teku da laka da duwatsunsa, sai kuma masu nazarin halittun da ke rayuwa a ciki. Ruwan da ya rufe kimanin kashi 71 cikin 100 na doron duniya, wanda matsakaicin zurfinsa ya kusa mita 3,700, ya fi ƙarfin fanni guda, kuma kowane ɗaya daga cikin huɗun nan yana neman irin nasa shiri. Saboda haka amsar tambayar wace hanya ce ta fi ta dogara ƙwarai a kan reshen da ɗalibi ya nufa.

Babban abin da digiri na kai tsaye yake bayarwa shi ne ganin yadda fannonin huɗu suke saƙe da juna tun ɗalibi yana shekarar farko. A ɗauki misalin gaɓar Peru, ko ta Namibiya, ko ta Muritaniya da Senegal, inda kifi yake da yawa fiye da mafi yawan sassan teku. Iska tana kaɗawa a gefen gaɓa, juyawar duniya tana sa ruwan sama ya karkata ya nufi cikin teku, ruwan ƙasa mai sanyi wanda yake ɗauke da sinadaran gina jiki ya taso ya maye gurbinsa, ƙananan tsirrai masu shawagi su yaɗu, kifi ya biyo su, masunta su biyo kifin. Wanda ya karanta fiziks zalla ya san farkon wannan labari, wanda ya karanta ilimin halittu ya san ƙarshensa, amma ɗalibin kimiyyar teku ana koya masa shi gaba ɗaya, kuma wannan fahimta ce ake bukata a hukumomin kula da kamun kifi da na muhalli.

Abu na biyu shi ne aikin hannu. Jami'o'in da suka yi suna a wannan karatu kusan duk suna bakin ruwa, kuma suna da jiragen koyarwa. Jami'ar Southampton a Ingila tana koyarwa a harabar da take tarayya da cibiyar binciken teku ta ƙasar, Jami'ar Bangor a Wales tana amfani da jirgin bincike mai suna Prince Madog, Jami'ar James Cook a Ostareliya tana daura da mafi girman jerin murjani a duniya, ita kuwa Jami'ar Cape Town tana kusa da inda igiyar Agulhas mai ɗumi da ta Benguela mai sanyi suke maƙwabtaka. A irin waɗannan wurare ɗalibi yakan koyi saukar da na'urar auna gishiri da zafi da zurfi, ɗebo ruwa daga matakai daban-daban ba tare da ya gurɓata shi ba, jan koma don tattara samfur, da rubuta bayanai a kan jirgin da yake tangaɗi. Gani ya kori ji, kuma babu laccar da za ta koya wa mutum yadda ake aiki da kwalabe da igiyoyi alhali jiri yana ɗibarsa. Tsawon karatun shekara uku ne a Ingila da Wales, huɗu a Scotland da Amurka, kuma wasu jami'o'in Birtaniya suna da tsarin shekara huɗu wanda ya haɗe digirin farko da na biyu.

Raunin wannan hanya yana fitowa ne daga inda ƙarfinta yake. Manhajar da ta taɓa fannoni huɗu cikin shekara uku ko huɗu dole ta rage zurfi a wani wuri, kuma galibi lissafi ne yake shan kashi. Sakamakon haka shi ne ɗalibi ya fito yana iya bayyana yadda igiyar ruwa take tafiya da baki, amma ba zai iya warware lissafin da ke bayanta ba, kuma idan ya nemi digirin digirgir a fannin motsin ruwa sai ya tarar wanda ya karanta fiziks ya sha gabansa. Akwai kuma matsalar suna. Buɗe sashe da raɗa masa sunan kimiyyar teku abu ne mai sauƙi, sayen jirgi da kula da shi da zuba masa mai kuwa abu ne mai tsadar gaske, don haka akwai sassan da ɗalibansu suke kammalawa ba su taɓa kwana a kan ruwa ba. Digirin kai tsaye da babu aikin ruwa a cikinsa ya rasa abin da ya sa ake zaɓarsa, bai kuma sami zurfin da fannin asali yake bayarwa ba, kuma a ganina wannan shi ne mafi munin zaɓi a cikin duk abin da ake tattaunawa a nan.

Ya dace a faɗi wata magana a kan reshen halittun teku, domin shi ne mafi yawan matasa suke nufi idan suka ce suna son karatun teku. Masu neman aiki da manyan dabbobin ruwa da kunkuru da murjani sun fi guraben da ake da su yawa nesa ba kusa ba, kuma da yawa daga cikin ayyukan farko a wannan ɓangare na sa kai ne ko na ɗan gajeren wa'adi. Wanda ya shiga wannan reshe da ƙwarewa a ƙididdiga, ko nazarin ƙwayoyin gado, ko ƙiyasin yawan kifin da za a iya kamawa ba tare da an ƙarar da iri ba, yana da abin da zai bambanta shi da sauran. Takardar shaidar nutso tana da amfani a wasu ayyuka, amma mafi yawan masana teku ba sa nutso a bakin aikinsu, domin matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya ɗaya a kowace mita 10, kuma mafi yawan teku ya wuce inda ɗan'adam zai kai da kwalbar iska a baya.

Hanya ta biyu ita ce wadda da yawa daga cikin manyan fannin suka bi. Walter Munk, wanda ya yi fice a nazarin raƙuman ruwa, fiziks ya karanta a jami'ar Caltech ta Amurka kafin ya koma cibiyar binciken teku ta Scripps. Henry Stommel, wanda ya bayyana dalilin da ya sa igiyoyi masu ƙarfi suke taruwa a yammacin tekuna, ilimin taurari ya karanta a Yale. Charles Keeling, wanda ya fara awon iskar kabon a dutsen Mauna Loa da ke Hawaii a 1958 a ƙarƙashin Scripps, masanin sinadarai ne. Marie Tharp ta karanta ilimin duwatsu da lissafi, ta gano kwarin da ya ratsa tsakiyar jerin tsaunukan ƙarƙashin Atlantika daga alƙaluman da wasu suka auno, a zamanin da ba a barin mata su hau jiragen bincike, kuma taswirar ƙasan tekunan duniya da ta fitar tare da Bruce Heezen a 1977 ta sauya yadda ake kallon ƙasan ruwa. Gaskiya ne a zamaninsu digirin farko na kimiyyar teku bai yaɗu ba, don haka ba su da wani zaɓi, amma tsarin bai gushe ba har yau. Shirin haɗin gwiwa na jami'ar MIT da cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka, wanda aka fara a 1968, ba ya ba da digirin farko, kuma yana ɗaukar ɗalibai daga fiziks da sinadarai da injiniyanci da ilimin halittu da makamantansu.

Dalilin da ya sa wannan hanya take aiki shi ne cewa koyar da mai lissafi abin da ya shafi teku ya fi sauƙi a kan koyar da masanin teku lissafin da ya tsallake. Haka kuma yanayin aikin kansa ya sauya. A yau akwai na'urorin Argo kusan 4,000 da suke shawagi a tekunan duniya, kowace tana nutsewa zuwa mita 2,000 ta taso bayan kwana goma ta aika awon zafi da gishiri ta tauraron ɗan'adam, kuma bayanan kyauta ne ga duk mai intanet. Shirin Copernicus na Tarayyar Turai ma yana sakin bayanan tsayin teku da zafinsa da launinsa ba tare da an biya ba. Wannan ya sa kaso mai yawa na binciken teku ana yin sa ne a gaban kwamfuta, kuma ɗalibin da yake jami'ar da ke da nisan kilomita dubu daga gaɓa zai iya rubuta kundin kammala karatunsa a kan zafin wani yanki na teku idan ya iya harsunan rubuta manhajar kwamfuta irin Python ko R. Akwai kuma fa'idar da iyaye suka fi saurin ganewa, wato idan sha'awar teku ta dushe, ko guraben aiki suka yi ƙaranci, mai digirin sinadarai ko injiniyanci yana da wasu ƙofofi a buɗe.

Tsadar wannan hanya lokaci ne da rashin tabbas. Digirin farko shi kaɗai ba ya mai da mutum masanin teku, sai ya ƙara shekara ɗaya idan a Birtaniya ne, ko biyu a mafi yawan ƙasashen Turai, kuma wanda ya nufi bincike zai ƙara shekara uku zuwa huɗu na digirin digirgir a Turai, ko biyar zuwa shida a Amurka. Dukkan shirin ya rataya ne a kan samun gurbi da tallafi a mataki na biyu, abin da babu mai iya lamunce wa ɗalibi tun yana shekarar farko. Guraben dai suna nan. Jami'ar Ghent ta Beljiyam tana jagorantar shirin IMBRSea, inda ɗalibi yake zagaya jami'o'in Turai daban-daban cikin shekara biyu yana nazarin albarkatun halittun teku. Jami'ar Cape Coast ta Gana tana da cibiyar da ta keɓanta da juriyar yankunan gaɓa, Jami'ar Dar es Salaam tana da cibiyar kimiyyar teku a Zanzibar, kuma a Mindelo ta Cape Verde akwai digiri na biyu a kan sauyin yanayi da kimiyyar teku a ƙarƙashin shirin WASCAL na binciken sauyin yanayi a Afirka ta Yamma. A manyan jami'o'in bincike na Amurka, ɗalibin digirin digirgir a wannan fanni galibi ana ɗauke masa kuɗin makaranta a kuma ba shi alawus, sai dai gasar shiga tana da zafi. Wanda ya zaɓi wannan hanya dole ya nuna da aiki cewa teku ya nufa, ta hanyar kundin kammala karatu, ko zaman koyon aiki a wata cibiya, ko kwasa-kwasan OceanTeacher da hukumar teku ta UNESCO take gudanarwa daga Ostend ta Beljiyam, in ba haka ba takardar nemansa ba za ta bambanta da ta kowane mai digirin fiziks ba.

Hanya ta uku ita ce aka fi rainawa, kuma ita ce ta fi saurin kai mutum ga albashi. Misali mafi kyau shi ne safiyon ƙarƙashin ruwa. Kowace tashar jiragen ruwa tana bukatar sanin zurfin mashigarta kafin yashe da bayansa, kowane kamfanin da zai shimfiɗa bututu ko wayar sadarwa ko ya kafa injinan lantarki masu aiki da iska a cikin teku yana bukatar taswirar ƙasan wurin, kuma har yanzu abin da aka auna da na'urorin zamani bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan tekunan duniya ba. Wannan sana'a tana da ma'auni na duniya wanda hukumar awon teku ta duniya, wato IHO, da ke Monaco take kula da shi tare da ƙungiyoyin masu safiyo da masu zana taswira, kuma an kasa kwasa-kwasan da aka amince da su gida biyu: rukunin B na masu gudanar da awo, da rukunin A na masu tsara aikin da ɗaukar alhakinsa. Amincewar tana kan kwas ɗin da makaranta take bayarwa, don haka wajibi ne ɗalibi ya tabbatar sunan kwas ɗin yana cikin jerin da hukumar take wallafawa kafin ya biya ko sisi. Jami'ar New Hampshire ta Amurka tana gudanar da horon shekara ɗaya a kan taswirar ƙasan teku tun 2004, da tallafin gidauniyar Nippon, kuma ɗalibai daga ƙasashe masu tasowa da dama sun amfana da shi.

Kiwon kifi ma yana cikin wannan rukuni, kuma alƙaluma suna goyon bayansa, domin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta bayyana cewa a 2022, karo na farko a tarihi, dabbobin ruwan da aka kiwata sun zarce waɗanda aka kamo yawa. Akwai kuma masu kula da na'urorin jiragen bincike, waɗanda suka karanta lantarki ko kanikanci, waɗanda idan babu su babu farfesan da zai dawo da awo ko guda. Illar horon sana'a ita ce yana da iyakar da ba ya wucewa. Mai difloma zai iya daɗewa yana tattara bayanan da wani zai fassara ya sa hannu, ayyukan cikin teku suna raba mutum da iyalinsa makonni a jere, kuma kasuwarsu tana hawa da sauka tare da harkar mai da gine-ginen tashoshi. Mafita ita ce a haɗa shi da digiri, ko da daga baya ne, kuma wanda ya karanta safiyo ko ilimin duwatsu sannan ya ƙara kwas na rukunin A yana cikin waɗanda suka fi kowa samun aiki cikin sauƙi a duk faɗin fannin.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar a nan. Makarantun horar da ma'aikatan jiragen ruwa, waɗanda suke bin yarjejeniyar STCW ta 1978 kan ƙa'idojin horar da ma'aikatan jirgi, suna yaye matuƙa da injiniyoyin jirgi ne, kuma sana'a ce mai daraja, amma ba kimiyyar teku suke koyarwa ba. Haka ma Jami'ar Harkokin Teku ta Duniya da ke Malmo a Suwidin, wadda hukumar sufurin teku ta duniya, wato IMO, ta kafa a 1983, ta fi mayar da hankali ga mulki da doka da tsare-tsaren sufuri a matakin gaba da digirin farko.

Batun gaɓa yana da nasa hukunci dabam. Kimanin kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne a cikin kilomita 100 daga bakin teku, kuma matsalolin wurin ba na ruwa kaɗai ba ne. Idan aka gina katangar kare tashar jirage, yashin da igiya take ɗauka a gefen gaɓa sai ya taru a ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren kuma teku ya fara cin gidaje. Idan aka datse kogi da madatsa, lakar da take ciyar da bakinsa ta ragu, ƙasa ta fara zaizayewa. Maganin irin wannan yana bukatar injiniya, kuma a nan hanya ta biyu ba ta da abokiyar gasa: digiri a injiniyancin gine-gine, sannan ƙwarewa a wuri irin Jami'ar Fasaha ta Delft a Holan, ƙasar da a 2011 ta zuba yashi kimanin kubik mita miliyan 21 a wuri guda ta bar igiya da iska su rarraba shi a gaɓa. Amma tsara amfani da gaɓa, wato sasanta masunta da masu otal da masu haƙar yashi da hukumomi, yana bukatar sanin doka da tattalin arziki da zamantakewa, har da yarjejeniyar dokar teku ta 1982 wadda ta ba ƙasa mil 12 na ruwan mallaka da mil 200 na cin moriyar albarkatu, a ma'aunin mil na teku. Digiri na biyu a wannan ɓangare ya fi amfanar wanda ya riga ya yi aiki na wasu shekaru, domin wanda bai taɓa zama a taron da masunta suke jayayya da jami'an gwamnati ba zai ɗauki darussan tamkar tatsuniya.

Idan aka ɗora hanyoyin a kan ɗalibai na zahiri, hukuncin da nake gani shi ne kamar haka. Mai ƙarfi a lissafi wanda yake son bincike a kan igiyoyi, sauyin yanayi ko sinadaran ruwa ya bi ta fannin asali, ko da jami'ar kimiyyar teku tana ƙofar gidansu, sai fa idan manhajarta tana da lissafi da fiziks daidai da na sashen fiziks. Mai son aiki a hukumar kamun kifi, ko ta muhalli, ko kamfanin tantance illar ayyuka ga muhalli, digirin kai tsaye ya fi dacewa da shi, bisa sharaɗin cewa sashen yana fita ruwa da gaske. Wanda nauyin iyali yake jiransa, wanda ba zai iya jingina rayuwarsa a kan tallafin da bai zo ba, ya dubi safiyon ruwa ko kiwon kifi ko aikin na'urori. Wanda kuma ya riga ya fara aiki, gajeren horo mai zurfi zai fi masa sabon digiri: shirin GRÓ na Iceland yana ɗaukar ma'aikatan kamun kifi daga ƙasashe masu tasowa na wata shida, shirin NF-POGO yana horar da matasa goma a kowane zagaye na kimanin wata goma a kan awon teku, kuma jirgin Dr Fridtjof Nansen, wanda Norway da FAO suke gudanar da shirinsa tun 1975, yana ɗaukar masanan ƙasashen da yake bincike a ruwansu su yi aiki a cikinsa.

Kafin ɗalibi ya karɓi gurbi a kowane sashe, akwai tambayoyin da ya kamata ya aika wa shugaban sashen ko ya yi wa ɗaliban shekarar ƙarshe, waɗanda su ne suka fi faɗin gaskiya. Kwana nawa ɗalibi yake yi a kan ruwa kafin ya kammala, kuma kuɗin fitar yana cikin kuɗin makaranta ko dabam ake biya? Darussa nawa ne na lissafi da ƙididdiga da rubuta manhajar kwamfuta suke wajibi? Na'urorin da aka lissafa a ƙasida suna aiki, kuma ɗaliban digirin farko suna taɓa su? Malaman sashen sun wallafa bincike a shekaru biyar da suka wuce, kuma a kan wane ruwa? Ina waɗanda suka kammala shekara uku da suka wuce suke aiki yanzu? Ya kuma nemi jerin kundayen da ɗaliban bara suka rubuta, domin idan mafi yawansu tambayoyin jin ra'ayi ne da bitar littattafai, babu awon da aka yi a ruwa ko bayanan da aka sarrafa, to sashen ba shi da jirgi mai tafiya ko ɗakin gwaje-gwaje mai aiki, komai abin da ƙasidarsa ta faɗa.